Jibiya: Shaidar Wanda Ya Tashi Tsakanin Gulbi da Iyaka

An haife ni a shekarar 1968 a wani ƙauye da ke arewacin ƙasar Jibiya, cikin jihar Katsina ta yanzu, kuma a wannan ƙasa na yi karatun allo, na shiga firamare, na dawo na koyar da yara har Allah Ya kai ni ga ajiye aiki. Mahaifina manomi ne ɗan asalin wurin, mahaifiyata kuwa an auro ta daga wani gari da ke kusa da Ɗan Isa, cikin Jamhuriyar Nijar, don haka tun ina goye nake ƙetare iyakar ƙasa da ƙasa ba tare da na san ana kiran abin ƙetarewa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mafi yawan waɗanda ke jin sunan Jibiya a rediyo ba sa jin sa sai tare da labarin fasa-ƙwauri ko na 'yan bindiga, alhali ƙasa ce mai tarihi da gulbi da kasuwa da zumunta, kuma ina ganin haƙƙi ne a kan waɗanda suka tsufa a cikinta su faɗi abin da suka gani da abin da suka ji daga magabata.

Ƙaramar hukumar Jibiya ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina, tana can kusurwar arewa maso yamma. Daga yamma ta yi iyaka da ƙasar Zurmi ta jihar Zamfara, daga kudu da Batsari, daga gabas da Kaita da wajejen birnin Katsina, daga arewa kuwa da gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun kusa 170,000, ko da yake duk wanda ya ga yadda unguwanni suka bazu tun daga lokacin ya san adadin ya wuce haka nesa. Wanda ya taso daga Katsina ta yamma zai bi ta Daddara ya iso Magama, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe ta shiga garin Jibiya ta wuce zuwa Zurmi da Kauran Namoda, ɗaya ta karya arewa ta bi ta Ɗan Isa har Maraɗi. Tazarar da ke tsakaninmu da Katsina da wadda ke tsakaninmu da Maraɗi kusan ɗaya ce, kuma wanda bai riƙe wannan a ransa ba ba zai fahimci komai game da rayuwarmu ba.

Ƙasar jigawa ce mafi yawanta, rairayi mai son gero da wake da gyaɗa, sai fadamu a gefen ruwa inda ake samun dawa da masara da kayan lambu. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke kafin gero ya yi ido kowa ya san irin ranin da ke tafe. Itatuwan da na buɗe ido na gani su ne gawo da kuka da aduwa da magarya da kalgo da sabara, sai goriba a bakin gulbi. Mahaifina ba ya yarda a taɓa gawon da ke gonarsa, domin shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma fitar da ganye da rani dabbobi su kwanta a ƙarƙashinsa su bar taki. Yau a gonakin da ke kusa da gari sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gawo babba ba, an sare su an yi makamashi.

Babban abin da ya tsara zaman mutane a nan shi ne gulbin Gada. Yana tasowa daga cikin ƙasar Katsina ta kudu maso gabas da mu, ya ratso ta gefen garin Jibiya, ya shiga Nijar, inda suke kiransa gulbin Maraɗi, ya wuce ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya juyo yamma ya sake shigowa Nijeriya ta wajen Sabon Birni ya haɗu da gulbin Rima. Ba ya gudu sai da damina; da rani yashi ne shimfiɗe, muna yara mu tona da hannu ko da ƙwarya mu tarar da ruwa mai sanyi a ƙasa. A cikin wannan yashi muke bi da jakuna idan Inna za ta ganin gida, kuma ba na tuna ranar da wani ya tare mu ya tambaye mu takarda. Abin da kawai ke nuna mini mun isa ɗaya ɓangaren shi ne tufafin jandarma idan mun gamu da shi, da kuɗin sefa da kawuna ke saka mini a aljihu.

Tarihin da ya haɗa mu da Maraɗi na fara jinsa ne daga bakin kakana na wajen uba, kafin in same shi a littattafan makarantar horon malamai. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe kuwa suka fice arewa. Sarki Magajin Haladu ya rasu a Ɗankama, sauran jama'a suka bi Ɗan Kasawa, wanda bayan zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram ya zo ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarautar Maraɗi sunanta Sarkin Katsina, kuma mutanen can suna kiran kansu Katsinawa kamar yadda muke kiran kanmu. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa Tsibiri a gefen Maraɗi, suka zama maƙwabta kuma abokan yaƙi. Kusan duk tsawon ƙarni na 19 hare-hare ba su yanke ba tsakanin Katsina ta Fulani da Katsina ta Maraɗi, musamman zamanin Sarki Ɗan Baskore, kuma ƙasarmu ita ce hanyar da dawaki ke bi. Kakana yakan ce iyayensa sun ba shi labarin yadda ake noma da kwari da baka a rataye, da yadda garuruwa ke kewaye kansu da ganuwa ko shingen ƙaya, da yadda wurare da dama suka koma daji saboda babu mai iya kwana a cikinsu. A da ina jin wannan a matsayin labarin zamanin da ya wuce ba zai dawo ba.

Layin da ya raba mu yau ba daga waɗancan yaƙe-yaƙe kaɗai ya fito ba, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a kan takarda. A 1890 sun fara amincewa da wani layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, sannan suka sake shi a 1898, suka kuma sake gyara shi a 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa rabon farko ya bar su da hamada, ba su da hanyar da ke da rijiyoyi tsakanin Kwara da Damagaram. A cikin wannan gyara ne Maraɗi da Tsibiri suka tabbata a hannun Faransa, Katsina kuwa, wadda Gwamna Lugga ya shiga a 1903, ta zauna a hannun Ingila. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi layin tana kafa turaku. Babu wanda ya tambayi manomin da gidansa ya faɗa kudu gonarsa ta faɗa arewa. Kakata ta wajen uwa takan ba da labarin yadda 'yan'uwanta da dama suka tsallako kudu cikin dare don gudun aikin tilas da nauyin harajin Faransawa, aikin da ba a soke shi ba sai 1946, kuma unguwanni da yawa a ƙasar Jibiya zuriyar waɗannan mutane ce ta cika su. Tsofaffi har suka bar duniya ba sa cewa Nijar ko Nijeriya, sai dai ƙasar Faransa da ƙasar Ingilishi.

Ta fuskar mulki, na rayu a ƙarƙashin sunaye da dama ba tare da na gusa daga inda nake ba. An haife ni a jihar Arewa ta Tsakiya, na shiga firamare a 1976 lokacin da aka buɗe shirin ilimi kyauta ga kowa kuma aka mayar da sunan jihar Kaduna, sannan a ranar 23 ga Satumba, 1987, aka ƙirƙiri jihar Katsina ina sabon malami. A tsarin gargajiya muna ƙarƙashin masarautar Katsina, hakimin Jibiya yana riƙe da sarautar Sarkin Arewa, a ƙarƙashinsa akwai dagatai da masu unguwanni, kuma a ganina su ne suka fi kowa sanin iyaka, domin su ake kai wa ƙarar saniyar da ta ɓata ta ƙetare, da rikicin gadon da rabin magadan ke Madarunfa, da auren da ya mutu tsakanin garuruwa biyu masu tuta daban. Sau da yawa na ga dagaci ya aika wa takwaransa na can ɗan aike da goro, magana ta mutu a yini ɗaya, abin da da an bi ta ofisoshi sai ya ci shekara.

Kasuwar Jibiya ranar Lahadi take ci, kuma a ƙuruciyata babu abin da ya kai ta girma a idona. Daga arewa ake shigo da shanu da raƙuma da tumaki da wake da aya da kanwa da dabino, daga kudu kuma ake kawo masara da dawa da manja da goro da atamfa da kayan masana'antun Kano. 'Yan canji suna zaune da damin naira da sefa, Buzaye da Fulani da Zabarmawa da Yarbawa da Inyamurai kowa yana ciniki da Hausa. Kuɗin makarantata daga wannan kasuwa ya fito, domin mahaifina yakan sayi awaki a hannun surukansa ya kiwata ya sayar. Farkon lokacin da na gane cewa hukuncin da aka yanke a nesa yana iya shiga har cikin tukunyarmu shi ne 1984, da gwamnatin soja ta canza kuɗi ta kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu, aka ci gaba da rufewar har 1986. Abin ya zo daidai da fari mai tsanani. Dangin Inna suka rasa amfanin gona suka rasa dabbobi, hatsin da suka saba saye a wurinmu kuma ya zama abin da ake kamawa a hanya. Na tuna mahaifina yana auna gero a cikin buhunan da aka yanka ƙanana, yana ɗora wa jaki bayan sallar isha, yana cewa da ni: "Ka bi gulbi, kada ka hau hanya, idan ka isa ka ce wa kawunka ya yi haƙuri da kaɗan." Ban taɓa ɗaukar wannan tafiya a matsayin laifi ba, kuma har yau ban ɗauke ta ba.

A ƙarshen shekarun 1980 aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan gulbin Gada, wadda aka tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142 domin noman rani da ruwan sha. Mun yi murna ƙwarai, kuma gaskiya ta kawo alheri: an samu masunta a inda da babu, an samu alkama da tumatir da albasa da rani, matasa da yawa sun fasa tafiya cin rani. Sai dai tsarin ban ruwan ya dogara ne da injinan da ke tura ruwa zuwa magudanai, kuma duk shekarar da mai ko gyara ya gagara, sai manomi ya zauna yana kallon ruwa a kwance gonarsa tana bushewa. Ni kaina na yi asarar shukar alkama a irin wannan shekara. Akwai kuma ɓangaren da mutanenmu ba su cika tunawa ba, wato mutanen da ke ƙasa da mu. Ambaliyar gulbi ita ke jiƙa fadamun Madarunfa da Maraɗi, ita ke cika tafkin Madarunfa, ita ke ɗaga ruwan rijiyoyinsu, don haka ruwan da muka tare a nan wani ne ya rasa shi a can. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da na Gada. Duk da haka kawuna bai daina tambayata ba, duk lokacin da muka haɗu da rani, ko akwai labarin ranar da za a sako musu ruwa.

Ruwan da muke roƙo shi ne kuma ya yi mana ɓarnar da ba za mu manta ba. A daren Lahadi 15 ga Yuli, 2018, wayewar Litinin, aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya na sa'o'i, rafuffuka suka cika suka afka wa unguwannin garin Jibiya da ke kwari mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka salwanta. A cikin waɗanda suka tafi akwai wata da na koyar a aji huɗu, tare da 'ya'yanta. Ruwa ya ja gawawwaki da dama ya ƙetare da su cikin Nijar, kuma mutanen ƙauyukan can ne suka shiga cikin laka suka tsamo su, suka rufa musu asiri, suka aiko a zo a duba. 'Ya'yan kawuna suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma babu wanda ya umarce su. Tsofaffinsu sun san irin wannan masifa, domin ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon garin Maraɗi daga cikin kwari aka mayar da shi kan tudu. A nan kuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma sun sake gini a inda ruwa ya bi, saboda ba su da wani filin.

Shekara guda bayan haka, a watan Agusta na 2019, gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa da makamai, a watan Nuwamba kuma ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garin Jibiya gaba ɗaya yana cikin wannan tazara. Ban musanta cewa ana fasa-ƙwauri ba, na san masu yi, na kuma san cewa manyan masu cin ribar ba a ƙauye suke kwana ba. Amma wanda ya ɗanɗana kuɗar dokar shi ne mai injin ban ruwa, da mai niƙa, da ɗan acaɓa, da marar lafiyar da za a kai asibitin Katsina, domin dole a sayi mai a galan da tsada. Hanyar Katsina ta cika da shingaye, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba ta koma ta sa'o'i, kuma na sha ganin an sauke wa tsohuwa 'yar shinkafar da ta saya don bikin jikarta. Da aka buɗe wasu iyakoki a watan Disamba na 2020 ba a haɗa da tamu ba, sai a watan Afrilu na 2022.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma abin da kakana ke ba ni labari ya dawo da sabuwar kama. Dazuzzukan da ke yamma da kudu da mu, waɗanda suka haɗe da na Zurmi da dajin Rugu, suka zama mafakar ɓarayin shanu, waɗanda daga baya suka koma satar mutane don kuɗin fansa. Ƙauyuka irin su Shimfiɗa suka watse, mata da yara suka cika makarantun garin Jibiya, har da ajin da na yi shekaru ina koyarwa a ciki. A watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da tamu, sai mutum ya hau tudu ya nemi layin Nijar kafin ya sanar da ɗansa da ke Kano cewa yana raye. Wasu daga cikin mutanenmu suka tsallaka arewa suka zauna a gidajen dangi a wajen Ɗan Isa, wato jikokin waɗanda suka gudo kudu zamanin aikin tilas su ne suka koma arewa neman inda za su kwana lafiya. Ƙanena ya kwana a hannun masu satar mutanen nan, sai da muka sayar da shanun noma da wani yanki na gonar gado kafin ya dawo, kuma cikin kuɗin da muka tara akwai sefar da dangin Inna suka haɗo.

Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a Magama kaya suna lalacewa a ciki, har aka fara maganar yaƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan makonni ba, domin duk harsashin da za a harba daga kowane ɓangare a cikin dangina zai sauka. A cikin wannan rufewa ne kawuna, ƙanen Inna, ya rasu. Inna ta tsufa, ba za ta iya zaman babur a hanyar daji ba, ta kira ni ta ce: "Malam, zumunta a ƙafa take, tawa ƙafar ta gaza. Ka je ka tsaya a madadina, ka gaya musu ban ƙi ba." Na je ta cikin gonaki na yi ta'aziyya na dawo, ita kuwa ba ta sake ganin garinsu ba, domin ta riga mu gidan gaskiya kafin a buɗe iyakar a watan Maris na 2024.

Yanzu ana aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kuma zai bi ta Katsina ya ratsa Jibiya. Na ji masu cewa ɓarnar kuɗi ce a kai jirgi wata ƙasa, amma ni da na san yawan wake da dabbobin da ke gangarowa daga Maraɗi da yawan kayan da ke haurawa daga Kano, ina ganin hanya ce da fatake suka daɗe da shatawa da ƙafafun jakuna. Fatana shi ne a yi tasha ta gaske a nan, inda manomin albasa zai yi lodi, a kuma gyara injinan madatsar ruwa, a fitar wa mutanen kwari filaye a kan tudu kafin wata damina mai nauyi ta zo.

Tun da na ajiye aiki na sa kaina wani ɗan aiki da nake ganin ya dace da tsohon malami. Ina bin dattawan da suka rage, na nan da na ƙetare, ina rubuta sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da burtalai da fadamu, da wanda ya kafa kowane gari da inda ya fito, musamman garuruwan da suka watse a 'yan shekarun nan, domin idan mutanensu suka koma kada a rasa wanda zai nuna iyakar gona da gona. Na kammala na ƙauyukan da ke bakin gulbi daga Jibiya zuwa iyaka, na kuma samu na wajen Faru da Magama. Na yammacin ƙasar, wajen Gurbin Ɓaure da Shimfiɗa, su ne suka rage, kuma yawancin dattawansu a garin Jibiya nake samunsu, a gidajen haya da zaurukan dangi, inda nake zuwa bayan la'asar da littafina.